Amsoshin Wasiƙunku: Waƙar Manomin da Kunya Ta Ɗaure Wa Baki



Yau wasiƙu biyu ne a gabana, kuma ɗaya ce ta jawo ɗaya. Ta farko ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gezawa, wanda in kaka ta yi yakan kawo gyaɗa da wake nan Kano ya sayar. Da ajami ya rubuto, ya kuma roƙe ni don Allah in sakaya sunansa. Ya ce iyalinsa tana da juna biyu, wata na shida ke nan, kuma wannan shi ne na uku, biyun farko duk ɓari aka yi. Ya ce wani dare barci ya ƙi zuwa, sai ya jawo takarda ya rubuta baiti takwas, bai nuna wa kowa ba, ko ita ma bai nuna mata ba. Tambayarsa ita ce, shin abin da ya rubuta ɗin nan waƙa ce ko kuwa surutu ne na wanda ya rasa barci?

To, makon jiya na ambata cewa zan karanta wannan waƙa. Kafin mako ya zagayo sai ga wasiƙa ta biyu daga wani dattijo a nan cikin birni, wajen Ƙofar Wambai. Ya ce, Malam, maganar ciki ba ta rediyo ba ce, yara suna ji, surukai suna ji, a bar ta a ɗaki. Dukansu biyu zan amsa musu in Allah ya yarda. Amma bari mu fara jin waƙar tukuna, domin ba a cinikin biri a sama.

Da sunan Gwani wanda ya ƙagi kowa
Cikin ɗan ɗigo, shi kaɗai ne gatana.

Na shuka iri inda ba a ganinsa,
Ba hauya, ba garma cikin wannan gona.

Ruwa arba'in, gudan jini arba'in,
Da tsoka arba'in, ka lissafa kwana.

Baƙo ya yi sallama ba ta ƙofa ba,
Ya yi shuri a ɗaki, ya hana ta kwana.

Fatake da kaya suna da zangonsu,
Nata ko ba zango, dare har da rana.

Da can sau biyu na yi shuka ta zube,
Ina gani, kunya ta ɗaure bakina.

Akwai kogi gaba da ba shi da gada,
Ita za ta tsallaka, ni ko in zauna.

Ya Rabbi ka raba su lafiya biyun,
Mu ga uwa da ɗa tare ranar suna.

To, jama'a, kun ji. Bari in fara da babba. Baba, na gode da wannan jan kunne, kuma na karɓa hannu bibbiyu. Alkunya adonmu ce, ba ni ne zan zo in tuɓe ta a bainar jama'a ba. Sai dai ina roƙon Baba ya duba abu biyu. Na farko, maganar ɗaukar ciki da haihuwa ba baƙuwa ba ce a zaurukan karatu na birnin nan. Suratul Mu'minuna da Suratul Hajji sun jero matakan halittar ɗan Adam a mahaifa. Suratu Maryam ta kawo labarin ciki da naƙuda, Suratu Luƙmana ta tuna mana wahalar uwa. Yaron da ya fara Ahalari ba ya gama shi sai ya bi ta kan babin haila da na biƙi. In watan Mauludi ya kama kuwa, masu karanta Hamziyya ta Imamu Busiri, mutumin Masar, suna rera baitocin da suka yi maganar Nana Amina da haihuwar Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sa'an nan ranar Takutaha a fito a hau Dala don murnar zagayowar ranar suna. Na biyu kuma, Baba, a sake sauraren waƙar nan tun daga farko har ƙarshe, akwai kalma ɗaya da ba za a iya faɗa a gaban suruki ba? Babu. Mutumin nan ya yi baiti takwas a kan ciki, bai ce ciki ba, bai ce haihuwa ba, bai ce matata ba. Kalmar “ciki” ta shigo sau biyu, amma da wata riga ta shigo, wato “cikin ɗan ɗigo” da “cikin wannan gona”. Wannan shi ne sakaya zance, kuma Bahaushe ya daɗe da ƙwarewa a kansa. Shi ya sa muke cewa juna biyu, ko ta yi nauyi, in ta haihu kuma mu ce ta sauka.

Yanzu sai in juyo gare ka, Malam mai waƙa. Amsarka a taƙaice ita ce, i, waƙa ce. Amma da yake ba a sayen hatsi sai an zura hannu a buhu, bari mu buɗe ta mu gani. Malamanmu na jami'a sun tsara hanyar yin haka. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya kira littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, wato a kwantar da waƙa a feɗe ta kamar yadda mahauci yake yi, a ga kowace gaɓa a inda take. Farfesa Abdullahi Bayero Yahya na Sakkwato shi kuma ya fitar da Jigon Nazarin Waƙa a 1997, da Salo Asirin Waƙa a 2001. Kada sunayen nan su ba ku tsoro. Abin da aka koya mana a kwalejin horon malamai bai wuce abu uku ba. Akwai zubi da tsari, akwai salo, akwai jigo. In mun ɗauko misalin kasuwa, zubi da tsari shi ne mudun da aka auna, salo shi ne yadda aka kasa kayan har suka ja hankalin mai wucewa, jigo kuwa shi ne hajar kanta, wato abin da mawaƙi yake so ka tafi da shi gida.

Mu fara da mudu. Waƙar nan 'yar ƙwar biyu ce, wato kowane baiti yana da ɗango biyu, ɗango kuwa shi ne layi ɗaya. Kowane baiti ya ƙare da “na”: gatana, gona, kwana, kwana, rana, bakina, zauna, suna. Wannan shi ake kira amsa-amo, kuma Malam ya riƙe shi tun daga farko har ƙarshe bai saki ba. Na kuma ƙirga gaɓoɓin kowane ɗango da yatsa, na sami 12 a ko'ina, sai wuri ɗaya. A baiti na huɗu, inda ka ce “Ya yi shuri a ɗaki, ya hana ta kwana”, gaɓa 13 ce. Mudu ya yi tozo ke nan, kuma in ka rera za ka ji harshenka ya yi tuntuɓe a wurin. Da ka ce “Ya shuri ɗakinsa, ya hana ta kwana”, da ta zauna daidai. Shawarata ga duk mai rubuta waƙa ita ce ya rera ta da baki kafin ya aiko, domin kunne yana kama abin da ido ya tsallake.

Wani zai ce ai ya maimaita “kwana” sau biyu a jere, wannan kuwa aibi ne a wurin mawaƙa. Haka ne, in ma'anar ɗaya ce. Amma a nan ba ɗaya ba ce. “Kwana” na farko na ƙirga ne, na biyu kuwa barci ake nufi, kamar yadda Sakkwatawa suke faɗa. Kalma ɗaya ta yi aiki biyu, wannan wasa da kalma ne, kuma ado ne. Har ila yau ku lura da baiti na farko. Maganar ba ta ƙare a ƙarshen ɗangon farko ba, sai da ta gangaro cikin na biyu, “wanda ya ƙagi kowa cikin ɗan ɗigo”. Masu nazari suna kiran wannan gangara.

Sai salo. Babban abin da Malam ya yi amfani da shi shi ne siffantawa. Bambancinta da kamantawa ɗan kaɗan ne. In na ce wance kamar gona take, na kamanta. In kuwa na jefar da “kamar”, na ce gona kai tsaye, na bar ka ka gane da kanka, to na siffanta. Siffantawa huɗu ce a waƙar nan, kuma duka huɗun daga rayuwarku ta yau da kullum aka ɗebo su: gona, baƙo, kayan fatake, da kogi.

Ta farko, gona. Duk manomin da ya taɓa yin binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya san wannan zaman jira da Malam yake nufi. Ka shuka, ka rufe, ba ka ganin komai, sai addu'a. Amma ya ƙara da cewa wannan gona ba hauya ba garma, wato manomi ne ya tarar da gonar da ƙarfinsa ba ya aiki a cikinta.

Baiti na uku ba daga gona ya fito ba, daga zauren karatu ya fito. Arba'in uku ɗin nan suna cikin hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu, wanda yake shi ne na huɗu a Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi. Malam bai gaya mana jimla ba, sai ya ce mu lissafa. To mun lissafa, kwana 120 ne, wata huɗu ke nan, lokacin da hadisin ya ce ake busa rai. Barin mai sauraro ya yi lissafi da kansa dabara ce, domin abin da mutum ya ƙirga da yatsunsa ba ya saurin mantawa. Ga shi kuma baiti na gaba ya ɗora daidai a inda wannan ya tsaya, saboda masu aikin asibiti sun ce tsakanin wata na huɗu da na biyar ne yawancin mata suke fara jin motsi.

Wannan motsi shi ne siffantawa ta biyu, baƙon da ya yi sallama ba ta ƙofa ba. Kowane baƙo daga waje yake shigowa, wannan kuwa daga ɗaki yake ƙwanƙwasawa. A nan ne kuma maiɗakin ta fara bayyana a waƙar, da 'yar kalma ɗaya tak, “ta”. Ba a faɗi ko wace ce ba, amma kowa ya gane. Haka Bahaushe yake yi da uwargidansa, ba ya kama sunanta. Ba a kira ta “uwa” ba sai a ɗango na ƙarshe, bayan an roƙi Allah ya raba lafiya. Ko da gangan Malam ya yi haka ko kuwa alƙalami ne ya kai shi, wurin ya yi kyau.

Ta uku ita ce ta fi burge ni, kuma na san 'yan kasuwa za su fi kowa jin ta. Kakanninmu da suke tashi daga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar watanni suke yi. Amma duk tsawon hanya, in yamma ta yi madugu yakan sa a yada zango, a sauke wa jaki kaya, ɗan alaro ya ajiye gammo ya miƙe ƙafa. Mai juna biyu fa? Masana sun ce kafin ta sauka nauyinta yakan ƙaru da wajen kilo 10 zuwa 12, kamar tiya huɗu zuwa biyar na gero ke nan, kuma tafiyar ta kusan mako 40 ce. Da shi take daka, da shi take ɗebo ruwa, da shi take kwanciya. Malam bai ce ku tausaya mata ba, ya dai ajiye fatake a nan, ya ajiye ta a nan, ya bar mu mu auna.

Sai dai fa, jama'a, kowace siffantawa tana da iyaka, kamar gajeren mayafi ce, in ka rufe kai sai ƙafa ta fito. Wannan ta gona ma haka take. A gona, iri na manomi ne shi kaɗai, ƙasa riƙo kawai take yi. A halittar ɗan Adam ba haka abin yake ba. Suratul Insani ta yi nuni da cewa ɗigon nan gauraye ne, binciken likitoci kuma ya nuna rabin abin da ɗa yake gada daga uba ne, rabi daga ƙwan uwa. Abin da yake sa a sami namiji ko mace kuwa ta wajen uba yake zuwa, da ikon Allah. Saboda haka mai fushi da matarsa wai tana haifa masa 'ya'ya mata, ya je ya sake tunani. Wani wurin da mayafin bai rufe ba kuma shi ne, gona ba ta jin ciwo, ba ta jin tsoro, ba ta magana. Ita wannan tana ji, kuma in an tambaye ta za ta faɗa.

Wannan ya kawo ni ga abin da na ga ya rage a waƙarka, Malam. Daga zaure ka rubuta ta. Mun ji abin da ka gani da abin da ka ji tsoro, amma ba mu ji bakinta ba ko sau ɗaya. Mata kuwa sun daɗe suna faɗin nasu da bakinsu. Marigayiya Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi waƙa a kan gwarne da kiɗan ƙwarya, wato samun ciki tun ba a yaye na goye ba, a gaban taron mata 'yan'uwanta. A fagen rubutu kuma akwai Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda aka buga waƙoƙinsu na faɗakarwa a Zariya a 1983 cikin littafin Alƙalami a Hannun Mata. Ina ba ka shawara ka ƙara baiti ɗaya ko biyu da za su ɗauko maganarta. Ba kuwa za ka iya rubuta su ba sai ka shiga ɗaki ka zauna ka tambaye ta yadda take ji.

To, yanzu sai jigo, wato hajar da ke cikin buhu. Wanda ya ji baiti ukun farko zai ce jigon waƙar nan shi ne ikon Allah a cikin halitta, kuma bai yi ƙarya ba, yana ciki. Wahalar uwa ma tana ciki, addu'a ma tana ciki. Amma waɗannan ƙananan jigogi ne. Babban jigon yana baiti na shida, inda ya ce sau biyu shuka ta zube yana gani, kunya ta ɗaure bakinsa. A nan ne mutumin ya faɗi abin da ya hana shi barci. Ku duba yadda ya mai da kunya mutum, ya ba ta hannu da igiya har ta ɗaure shi. Wannan shi ake kira mutuntarwa, wato a ba abin da ba mutum ba aikin mutum. Kunyar da ta yi wa waƙar ado tun daga baiti na farko, ita ce kuma yake ƙara a baiti na shida. Nadama ce jigon waƙar nan, da tsoron kada a sake.

Malam, kafin in wuce, ka saurare ni da kyau. Ba kowane ɓari ne ake iya tarewa ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake yi a watannin farko ba laifin miji ba ne, ba laifin mata ba ne, ko likita yana tsaye a wurin ba abin da zai iya. Kada ka ɗora wa kanka abin da Allah bai ɗora maka ba. Amma akwai abubuwan da ake iya tarewa, kuma su ne suka kai mu baiti na bakwai.

Kogin da ba shi da gada naƙuda ce, wannan a fili yake. Ɗango na biyu ne ya tsayar da ni. Na gaya muku da ajami aka rubuto wasiƙar, kuma ba a sa wata alamar tambaya ba. Saboda haka ana iya karanta shi iri biyu. Ana iya cewa, “Ita za ta tsallaka, ni ko in zauna”, wato haka al'ada ta tsara, nata ne shiga ruwa, nawa ne zaman zaure. Ana kuma iya ɗaga murya a ce, “Ita za ta tsallaka, ni ko in zauna?” Ni da na biyun na karanta, kuma ina jin tambayar da ta sa ka aiko da wasiƙar ke nan, ba maganar ƙirga gaɓa ba. Amsata ita ce, a'a, kada ka zauna.

Ba da ka nake wannan magana ba. Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar firamare a ƙauye, wata yarinya a maƙwabtanmu ta kwana biyu tana naƙudar fari. Maigidan ya tafi cin kasuwa, ba wanda ya yarda ya ce a fita da ita ba da izninsa ba. Mu maza muna zaure, muna ganin tsofaffi mata suna shiga suna fita, ba wanda ya buɗe baki ya tambaya, don kada a ce ba shi da kunya. Rana ta uku aka samo mota. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, sai daga baya aka yi mata aiki. Ina cikin waɗanda suka zauna a zauren nan, ga ni da takardar shaidar malanta a akwati. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina.

Abin kuma ba na gida ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020, cikin matan da suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a Nijeriya suke. Wannan hukuma tun 2016 ta ba da shawarar mai juna biyu ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta sauka. A wurin awo ne ake duba hawan jini, a gwada fitsari da jini, a ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a yi allurar hana ciwon tsinkau-tsinkau wanda yake kama jarirai ta cibiya. Malam, wata shida ba a makara ba. In ba ta fara zuwa ba, ranar awo mai zuwa ka kai ta da kanka.

Sa'an nan ga abin da ya kamata kowane magidanci ya haddace kamar yadda ya haddace farashin taki. In mai juna biyu ta ga jini, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko ciwon kai mai tsanani ya kama ta har gani ya dushe, ko ta fara jijjiga, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko ruwa ya fashe naƙuda ba ta zo ba, ko ta daina jin motsi, ko kuwa naƙuda ta ɗauki wuni ko dare guda ba a sauka ba, to ba a jiran gari ya waye. A nufi asibiti. Tun yanzu ka ware kuɗin mota daga cinikin waken nan ka ajiye daban, ka yi magana da mai motar da za ka tasa ko da tsakar dare ne, ka san ɗan'uwan da zai ba da jini in an bukata. Abu mafi muhimmanci ga ku masu bin kasuwanni, ka bar izni a gida. Ka tara mahaifiyarka da ƙaninka da ungozoma, ka faɗa da bakinka cewa in abu ya taso ba ka nan, a fita da ita, ka yarda. Wanda kuma yake da 'yar'uwa mai fama da yoyon fitsari, ya sani ana yin aikinsa a Asibitin Murtala da ke nan kusa da Ƙofar Mata, ana kuma yi a Babbar Ruga ta Katsina. A daina ɓoye su a bayan gida.

Baba na Ƙofar Wambai, ina fata ban wuce gona da iri ba. A waƙa, da gaban surukai, da cikin taro, mu ci gaba da cewa juna biyu, mu ci gaba da cewa ta yi nauyi, ba abin da ya fi wannan kyau. Amma tsakanin miji da matarsa, da gaban ma'aikaciyar asibiti, a kira jini jini, a kira ciwo ciwo. Ku ne manya, in kuka faɗa wa 'ya'yanku haka za su fi ji daga bakinku fiye da nawa.

Kai kuma Malam na ƙasar Gezawa, waƙarka ta karɓu. Gyara ɗangon nan mai gaɓa 13, ka sa alamar tambaya a ƙarshen baiti na bakwai, ka ƙaro baitin da zai ɗauko maganarta, sa'an nan ka karanta mata, domin ita ta fi kowa haƙƙin ji. In Allah ya sauke ta lafiya ka aiko mana da labari mu taya ku murna. Jama'a, ku sa su a addu'a, su da duk masu juna biyu na birni da ƙauye. Allah ya raba lafiya, ya raya abin da za a samu.

A nan zan dakata. Masu wasiƙun da ba mu kai gare su ba su yi haƙuri, suna nan a ajiye. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya.